Na rubuta "expert" a takardar neman aiki, sai aka ajiye mini kwamfuta

Assalamu alaikum, Malama. Ni budurwa ce daga unguwar Pantami a cikin garin Gombe. Na yi digiri a fannin nazarin zamantakewa, na kuma gama bautar ƙasa bara. Kwanakin baya wata ƙungiya mai zaman kanta ta nemi ma'aikatan tattara bayanai a ƙauyuka, sai na je shagon da ake buga takardu, mai shagon ya tsara mini CV irin wanda yake yi wa kowa. Ya rubuta cewa ni "expert" ce a Microsoft Excel, manhajar lissafi da jadawali ta kwamfuta, kuma "fluent" a Turanci da Larabci. Hausa da Fulatanci kuwa, waɗanda na tashi da su, ya ce ba sai an saka ba. Yayana ya duba ya ce haka ake yi, wanda bai kambama kansa ba ba a kiransa. An kira ni intabiyu, suka ajiye mini kwamfuta suka ce in fitar da jimillar kowace ƙaramar hukuma daga wani dogon jadawali, na kasa. Ɗaya daga cikinsu ya yi mini tambaya da Larabci, na gane rabi, amma na kasa mayar da amsa. Na fito kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu wata dama ta sake fitowa, fom ɗin kuma cike yake da kalmomi irin su "basic", "competent", "proficient" da "fluent", an ce mutum ya zaɓa. Ina tsoron in zaɓi babba a sake kunyata ni, ina kuma tsoron in zaɓi ƙarama a ture takardata gefe. Mene ne bambancinsu, kuma wacce ta dace da ni?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Abin da zan fara gaya miki shi ne, aikin da aka ba ki a gaban kwamfutar nan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, domin wanda ya zauna da niyya zai koye shi cikin 'yan kwanaki. Da takardarki ta nuna cewa kin san Excel daidai gwargwado, da kasawar da kika yi ba ta wuce ƙaramin giɓi ba, irin wanda masu ɗaukar aiki kan cike da ɗan gajeren horo. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne tazarar da ke tsakanin matar da takarda ta siffanta da matar da ta zauna a gabansu. Ki kuma lura da irin aikin da kika nema: za a tura ki ƙauyukan Dukku ko Nafada ko Balanga da waya a hannu, babu mai tsayawa a kanki, ki yi wa magidanta da matan aure tambayoyi, ki dawo da amsoshin da za a gina rahoto a kansu. Jarin mai wannan aiki gaba ɗaya shi ne a yarda da abin da ya rubuta. Idan takardar farko da ya miƙa ta zo da ƙari, dole mai hankali ya tambayi kansa ko wannan ba zai zauna a gindin bishiya ya cike fom ɗin mutane ba tare da ya shiga gidan kowa ba. A ganina wannan zargi ne ya fi yi miki illa a ranar, fiye da jadawalin da kika kasa.

Yayanki bai ɓata gaba ɗaya ba, kuma ba na so ki je ki yi musu da shi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma na sha ganin 'yan mata masu ƙoƙari suna rubuta wa kansu matakin da bai kai abin da suka iya ba, saboda kunya, har wanda bai kai su ba ya wuce su a jerin waɗanda za a kira. Ya yi gaskiya da ya ce takardar da ba ta nuna ƙarfin mai ita ba ba ta zuwa ko'ina. Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar waɗannan kalmomi a matsayin ado, wanda duk ya fi ƙyalli shi ya fi. A wurin mai ɗaukar aiki kowace ɗaya daga cikinsu alkawari ce, tana gaya masa abin da za ki iya yi idan aka gwada ki yau, ke kaɗai, babu mai raɗa miki amsa.

Ke 'yar Gombe ce, ba sai an yi miki dogon bayanin tsangaya ba. Akwai ƙolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan alaramma da ya haddace ya kuma rubuta, sannan gwani, har zuwa gangaran. Duk masu karatun Alƙur'ani ne, amma kowane suna yana da abin da ake jira daga mai shi, kuma gardin da ya kira kansa gwani ya san cewa ranar da aka zauna musaffa da masu abin, ba sai kowa ya ce masa uffan ba. Kalmomin Turancin da suka rikita ki ma matakala ce irin wannan, sai dai su ba a tsara su da tsauri haka ba, shi ya sa ake samun ruɗani.

A ƙasan matakalar akwai "beginner", "basic" da "elementary", waɗanda duk suke nufin ɗan koyo ko wanda ya san abubuwan farko: kina iya buɗe Excel, ki shigar da lambobi, ki tara su, ki adana. Kusa da su akwai "familiar with" da "conversant with", kuma wannan ta biyun 'yan Najeriya suna son ta ƙwarai a takardun neman aiki. Ma'anarsu ita ce abin ba baƙo ba ne a wurinki, kin san shi, ba lallai ba ne a ce kin ƙware a aiki da shi. Sai "working knowledge of", wadda nake ganin an fi yin sakaci da ita duk da amfaninta, domin tana cewa sanin da kika yi wa abin ya isa ki gudanar da aikin yau da kullum, ko da za ki nemi taimako idan an zo wurin da ke da sarƙaƙiya. Mai gaskiya da yawa nan ne mazauninsa, kuma babu abin kunya a ciki.

"Competent" da "proficient" su ne suka fi kama da juna, su ne kuma suka cancanci a daɗe a kansu. Wadda aka kira "competent" ta kai mizanin da aikin yake buƙata: a ba ta aiki ta yi shi daidai ba tare da an tsaya a kanta ba, ko da tana yi tana tunanin mataki bayan mataki. Kalmar tana maganar isa ne, ba fice ba, har ma Bature idan ya rubuta wa wani takardar shaida bai ce komai ba sai "competent", mai karatu kan ji kamar yabon bai cika ba. Amma a fom ɗin neman aiki kalma ce mai mutunci. "Proficient" kuwa ta ɗara ta: aikin ya zauna a hannu saboda yawan yi, ana yin sa da sauri da tsafta, kuma idan wani abu ya karkace mai shi yakan gane tun kafin a nuna masa. Wasu 'yan'uwa biyu malaman Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Stuart da Hubert Dreyfus, sun yi nazarin yadda mutum yake koyon sana'a tun daga 1980, kuma tsarin da ya shahara daga aikinsu yana da matakai biyar: "novice", "advanced beginner", "competent", "proficient", "expert". Makarantun koyon aikin jinya a ƙasashe da dama sun ɗauki wannan tsari. A bayaninsu ɗan koyo yana bin ƙa'ida ne sau da ƙafa, na tsakiya yana tsara aikinsa da kansa yana zaɓar abin da ya fi muhimmanci, na sama kuma yana kallon al'amari ya ga mafita tun kafin ya iya bayyana yadda aka yi ya gan ta. Ba kowane ma'aikacin ofis ne ya san sunan waɗannan malamai ba, amma jerin da ke kansa idan yana karanta takardarki kusan wannan ne.

To ki dubi inda mai shagon ya ajiye ki. "Expert" ita ce ƙololuwa, asalinta ɗaya da "experience", wato wanda ya gwada ya sake gwadawa har ya goge. Shi ne wanda sauran ma'aikata suke zuwa wurinsa idan abu ya gagare su, wanda zai iya koyar da abin, ya kuma gyara ɓarnar wani. Shawarata ita ce wadda ta fito daga bautar ƙasa bara kada ta kira kanta da wannan suna a kan komai, ko da tana ganin ta kai, domin suna ne da ya fi daɗi a bakin wasu. "Advanced" ma a yi hattara da ita. A harkar Excel, wanda ya ce shi "advanced" ne ana sa ran ya san haɗa jadawali da jadawali, da tsara lissafi mai sharuɗɗa, da taƙaita dubban layuka cikin mintuna.

Akwai wasu kalmomin da ba a kan wannan matakala suke ba, kowace tana amsa tambaya dabam ne. "Qualified" tana nufin kina da takardar shaidar da ake nema, ba ta ce komai a kan iyawa ba. Dukkanmu mun san mai kwalin da ba ya iya aikin, da kuma makanikin da ba shi da kwali amma ya fi kowa sanin inji. "Experienced" tana maganar daɗewa ana yi, saboda haka tana bukatar shekaru a bayanta. "Skilled" ta wanda ya koyi sana'a ya iya ta ce, kamar tela ko kafinta ko mai gyaran wuta. "Talented" da "gifted" baiwa ce, ita kuma ba a rubuta wa kai. "Able" da "capable" sun fi kowa sauƙi, iyawa kawai suke nufi, sai dai "capable" takan karkata ga abin da mutum zai iya idan an ba shi dama, ko da bai riga ya yi ba. "Computer literate" kuwa, wadda har yanzu masu shagunan buga takardu ba sa rabuwa da ita, ta yi amfani a zamanin da taɓa kwamfuta kansa abin faɗa ne. Yau ba ta gaya wa kowa komai, gara ki ambaci manhajar da kika sani da sunanta.

Batun harsuna ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne na fi jin takaicin abin da aka yi miki. "Fluent" ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin gudana, kuma abin da take siffantawa ke nan: magana tana fita ba tare da tsayawa neman kalma ba, ba tare da fassarawa a zuci kafin a furta ba. Ba ta nufin babu kuskure. Akwai direban da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Gombe da Fatakwal, Turancinsa yana zuba ba gargada, amma ba zai iya rubuta wasiƙar ofis ba. Akwai kuma ɗalibar da rubutunta yake da kyau ƙwarai, amma in ta tashi magana a gaban mutane sai harshe ya ɗaure. Harshe ɗaya yana da ƙofofi huɗu, ji da magana da karatu da rubutu, kuma mutum yana iya yin nisa a ɗaya ya tsaya a bakin wata. Shi ya sa fom ɗin manyan ƙungiyoyi, har da na Majalisar Ɗinkin Duniya, kan raba su, su nemi ki auna kanki a kowace.

Da an bi wannan, da Larabcinki bai zama abin kunya ba. Wadda ta yi Islamiyya a garuruwanmu yawanci tana karanta Larabci da kyau, tana gane wani abu daga hadisi da fiƙihu, amma ba ta taɓa hira da shi ba, domin ba don hira aka koyar da ita ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yana da sunansa: "Arabic: good reading, basic speaking". Da haka aka rubuta, mutumin da ya yi miki tambaya da Larabci da ya ga kin gane rabi sai ya ƙara ganin girmanki.

Hausa da Fulatanci da aka ce ba sai an saka ba kuwa, su ne mafi tsadar abin da kika mallaka a wannan aiki. Ƙungiyar da za ta tura mutum ya yi wa tsohuwa tambaya a rugar da ke bayan Bajoga ba Turancin Ingila take nema ba, tana neman wadda tsohuwar za ta saki jiki da ita. Jihar Gombe tana da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci da wasu harsunan da dama, kuma duk wanda ya haɗa Hausa da ɗaya daga cikinsu da Turanci ya riƙe abin da ba a koyarwa a horon mako guda. Kalmar da ta dace a nan ita ce "native" ko "mother tongue" ga harshen da kika tashi da shi. Sai dai ko a nan akwai inda za ki tsaya ki tambayi kanki, domin jin Hausa daban, rubuta ta bisa ƙa'ida daban. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa cikin Hausa ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d a rubutu, ba su kuma san inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta ba. Idan aikin ya ƙunshi fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, za a gane wannan a shafin farko. Fulatancin ma, idan magana kawai kike yi ba ki taɓa rubuta shi ba, ki ce "spoken", kin fita haƙƙinsu.

Wani tarko kuma da nake so ki sani tun kafin ki faɗa cikinsa shi ne na haruffa da lambobi. Wasu fom, musamman na ƙungiyoyin Turai da na neman tallafin karatu, suna amfani da ma'aunin iya harshe da ake kira CEFR, wanda hukumar Council of Europe ta fitar a 2001. Yana da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Ɗan Najeriya da ya saba da sakamakon WAEC, inda A1 ita ce mafi girma, C6 ita ce ƙarshen kiredit, F9 kuma faɗuwa, yana iya zaɓar A1 da murna yana ganin ya yabi kansa. A ma'aunin CEFR kuwa A1 ita ce ta wanda bai wuce gaisuwa da faɗin sunansa ba, C2 ce ƙololuwa. Masu A ana kiransu "basic user", masu B "independent user", masu C "proficient user". B2 ita ce ta wanda yake gane jigon rubutu mai wuya, yake kuma hira da masu harshen ba tare da wahala ga kowane ɓangare ba. C1 ta wanda yake sarrafa harshen a karatu mai zurfi da aikin ofis ba tare da yawan lalube ba. Jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci ita ma tana da nata ma'auni da ya kai 9, inda mai 6 ake ce masa "competent user", mai 7 "good user", mai 9 kuma "expert user", kuma yawanci shekara biyu ake karɓar sakamakonta. Ki lura ko a nan "competent" ba ƙaramin matsayi ba ne, tunda akwai jami'o'in waje da suke karɓar ɗalibi da maki 6 ko 6.5. A shafin LinkedIn na ma'aikata da masu neman aiki a intanet kuma za ki tarar da matakai biyar, daga "elementary proficiency" zuwa "limited working", "professional working", "full professional", har "native or bilingual proficiency". Kada ki rubuta makin IELTS ko na wata jarrabawa idan ba ki zauna ta ba. Abin da kike da shi a hannu shi ne kiredit ɗinki na Turanci, da kuma takardar da jami'arki za ta iya ba ki mai shaida cewa da Turanci aka koyar da ke, wadda wasu wuraren suke karɓa, wasu kuma ba sa karɓa.

Wace kalma ce ta dace da Turancinki, ba zan iya yanke miki daga wasiƙar da kika rubuto da Hausa ba, amma ke za ki iya cikin yini ɗaya. Ki sa wata ƙawarki ta zauna, ki yi mata bayanin aikin binciken da kika yi a shekarar ƙarshe ta jami'a da Turanci na minti goma, ba tare da kin tsallaka zuwa Hausa ba, ta yi miki tambayoyi ki amsa. Sannan ki rubuta rahoto mai shafi biyu a kan abin da kika yi a bautar ƙasa, ba tare da kwafa daga intanet ba, ki kai wa wani malamin Turanci da ba zai ji nauyinki ba ya duba. Idan duka biyun sun tafi lafiya, "fluent" ko "proficient" haƙƙinki ce, kada ki ji kunyar ta. Idan rubutun ya yi kyau amma maganar tana sarƙewa, ki ce "good written English" ki zaɓi "professional working proficiency" inda aka ba da wannan zaɓi, sannan ki dage da yin magana. Mafi yawan waɗanda suka yi digiri a nan ƙasar suna tsakanin B2 da C1 ne a ƙiyasina, kuma wannan ya ishi aikin da kike nema.

Tunda kalmomin za su shiga jimla, bari in ja kunnenki a kan 'yan kurakuran da suke rushe da'awar mutum a cikin layin da ya yi ta. Ana cewa "proficient in Excel", "fluent in Hausa", "familiar with" ko "conversant with" abu kaza, "good at" lissafi, ba "good in" ba, ko da yake kunnenmu ya saba da ta biyun. "Able to" tana ɗaukar aikatau kai tsaye, "able to write reports", ita kuwa "capable of" sai da "-ing", "capable of writing reports". "Proficiency" suna ce, "proficient" siffa, saboda haka "I am proficiency in English" jimla ce da take ƙaryata kanta. Haka nan "I can be able to", wadda ta zama ruwan dare a bakin masu neman aiki, maimaici ne, domin "can" da "be able to" abu ɗaya suke faɗa. Ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya.

Abin da ya fi duk wannan amfani, kuma shi ne amsar tsoronki na biyu, shi ne kada ki bar siffa ta tsaya ita kaɗai. Mai duba takardu ɗari ya ga "proficient" sau ɗari, ba ta ƙara motsa shi. Abin da yake tsayar da idonsa shi ne aikin da aka yi. Idan a wurin bautar ƙasa ke kika riƙa shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai a kwamfuta, ki faɗi haka, da yawan ɗaliban na gaskiya da zangon da kika yi kina yi. Idan a aikin bincikenki kin raba takardun tambayoyi kin tattara amsoshi, ki faɗi unguwannin da kika shiga da harshen da kika yi amfani da shi. Layi irin "Working knowledge of Excel: entered and totalled exam scores for three classes during NYSC" ya fi "expert" nauyi nesa ba kusa ba, domin ana iya tambayarki a kansa ki yi bayani kina murmushi. Da haka ƙaramar kalma ba ta sa a ture takarda gefe, ita ce ma take sa a gaskata sauran abin da ke cikinta.

Kafin ranar rufe fom ɗin kuma kina da damar matsar da kanki mataki ɗaya da gaske. Abin da aka nemi ki yi ranar nan ana yin sa ne a cikin Excel da abin da ake kira "PivotTable", ko da umarnin SUMIF, kuma darussansu kyauta suna nan birjik a YouTube. Kada ki tsaya kallo kawai. Ki nemi aron kwamfuta, ki ɗauki littafin cinikin wani shago na gida ko lissafin adashen unguwa, ki shigar da shi, ki fitar da jimillar kowane mutum da ta kowane wata, ki ɓata ki gyara har hannunki ya saba. Ki kuma duba KoboToolbox da ODK Collect, manhajojin da ƙungiyoyi da yawa suke tattara bayanai da su a wayar Android; kina iya buɗe asusun Kobo kyauta, ki tsara ƙaramin fom, ki gwada shi a kan mutanen gidanku. Bayan haka "familiar with KoboToolbox" ta zama gaskiya a bakinki, kuma ga wannan aiki ta fi Larabcin da aka ƙaƙaba miki amfani.

Idan an sake kiranki aka tambaye ki abin da ya wuce saninki, ki ce ba ki taɓa yin wannan ba, ki faɗi makamancinsa da kika taɓa yi, ki nuna yadda za ki bi ki koya. Masu intabiyu sun saba da wannan amsa kuma suna girmama ta, matuƙar ba ta ci karo da abin da ke rubuce a gabansu ba. Saboda haka daga yau kada wata takarda ta fita da sunanki sai kin karanta ta layi-layi, ko wa ya buga ta, domin mai shago ba ya shiga ɗakin intabiyu tare da ke. Yayanki kuma ki nuna masa sabuwar takardar cikin ladabi, ki ce masa kin bi shawararsa ta nuna ƙarfinki, sai dai kin nuna shi ne a inda yake.

A fom ɗin da ke gabanki, bisa abin da kika gaya mini, ni zan zaɓa miki "native" a Hausa, "native" ko "fluent, spoken" a Fulatanci gwargwadon yadda kike yin sa a gida, "proficient" a Turanci idan kin ci gwajin da na ba ki, "basic" a Larabci tare da ambaton cewa kina karantawa da kyau, sannan "basic" a Excel idan yau za ki miƙa, ko "competent" idan kin yi makonnin da suka rage kina aiki da shi har kika iya fitar da jimillar nan ba tare da kin duba darasi ba. Ƙungiyar farko ma kada ki ɗauka kin rufe ƙofarta. Idan suka sake neman ma'aikata ki miƙa sabuwar takardar. Allah Ya ba ki sa'a, Ya zaɓa miki mafi alheri.